Kara Ba Ta Hawa Jirgi

Bagdadiyya, Jidda

Bashir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya tsare ka a tashi, ya tsare ka a sauka, ya tsare ka a tsakani inda babu reshen da mutum zai kama. Mahaifiyarka za ta sa ta cikin akwatinka, a ƙarƙashin rigar sanyi. Da gangan na rubuta da Hausa. Na san Larabci ya fi maka sauƙi, amma in da shi ne za ka kwankwaɗe ta kamar ruwa, ka ce halas, shi ke nan, ka gane. Hausa kuwa dole ka tauna. To, ka zauna ka tauna.

Ba labarin gida zan ba ka ba, ka san shi. Wani kallo na ga ka yi, shi ya sa ni ɗaukar alƙalami. Ranar da sakamakon jarrabawarku ya fito, abokinka Faisal ya zo na ɗaya kana biye da shi, kuka shigo gidan nan tare, ka rungume shi ka ce mabruk, ka yi masa barka. Da ya sunkuya zai sa takalmi, na ga idon da ka bi ƙeyarsa da shi. Na san idon nan, Bashir, nawa ne. Shekara da shekaru da shi nake kallon ubansa. Ga shi an ce a makarantar tuƙin jirgi da za ku tafi ku biyu za a haɗa, ɗaya ya rufe ido ya tuƙa, ɗaya ya duba masa waje. Ran yaron nan zai zama a idonka, kuma tun ranar nan ban sami sukuni ba.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ina yi wa Kyaftin Abdulƙadir, uban Faisal, hassada, na faɗa da bakina. Wanda kake kira Ammi ɗin, wato baffa, wanda kake zama a majalisinsa baki buɗe yana ba ka labarin Landan da Karaci. Ni da na riga shi riƙe sandar jirgi, in na fara magana sai ka saci kallon agogo, ka ce, "Na'am Baba, na sani." Me ka sani? An ce abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Ni na ƙara da cewa ko jirgi ya hau.

A Mai Wurno ta ƙasar Sudan aka haife ni, ka sani, a bakin kogi. Da wanke jiragen feshin auduga na fara a Jazira, har wani Bature ya ga ina da kai ya koya mini tuƙi, na sami lasisi a Hartum. Daga nan na biyo wani ƙaramin kamfanin feshin fara zuwa Jidda, da iƙama, takardar zaman baƙo, a ƙarƙashin kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya mini. A nan na tarar da Abdulƙadir. Shi haifaffen Balad ne, tsohon garin Jidda, kakansa ya zo Hajji da ƙafa daga ƙasar Hausa bai koma ba. Yana da tabi'iyya, takardar zama ɗan ƙasa, Hausarsa kuwa irin taka ce, rabi a baki rabi a kunne. Muka shaƙu ƙwarai. Kwano ɗaya muke cin ful da tamis, wake da gurasa, kafin mu tashi.

Burinmu ɗaya, mu bar feshin fara mu hau manyan jirage. Ba a ɗaukar mutum kuwa sai ya nuna a littafin awoyinsa cewa ya daɗe yana tuƙi da agogunan jirgi kaɗai, ba ya ganin ƙasa ba ya ganin sama, kamar wanda ke cikin gajimare. To a Jidda ina gajimaren? Sai a yi na ƙarya. Akwai wata hula mai dogon baki, in ka sa ta ba ka ganin komai sai allurai a gabanka. Doka ta ce wanda ya sa ta ba ya tashi shi kaɗai, sai wani matuƙi mai lasisin irin jirgin, wanda takardar likitansa ba ta mutu ba, ya zauna a kujerar dama, da tasa sandar a gabansa, ya duba masa waje. Mu Hausawan filin jirgin Kandara na nan Jidda muna ce musu makaho da ɗan jagora. Shugaban kamfaninmu ya yarda mu riƙa yi duk lokacin da za mu kai jirgi wayam garin Lis ko Ƙunfuda, can kudu a bakin teku.

Kuskurena na farko kara ce. Ranar farko Abdulƙadir ya ɗago hular ya ce, "Wa zai fara?" Na ce, "Bismillah, kai fara." Ya ce, "Tayyib," wato to, ya kifa ta a kansa. A dawowa ya sake tambaya, na ce, "Haba, ci gaba mana, ai hannunka ya fara kamawa." Ya ce tayyib. Ka san yadda aka rene mu a Mai Wurno, in an miƙo maka abu ka ce a'a, a sake ka ce a'a, sai an matsa maka sannan ka karɓa kana sunkuyar da kai. Ni ina jiran ya matsa. Shi kuwa ɗan Hijaz ne, a wurinsa wanda ya ce a'a ya ƙoshi ke nan. Tun yana tambaya har ya daina, hular ta zama tasa, a jakarsa ma take kwana. Layin awoyin makanta a littafinsa yana cika, nawa fari fat. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Ina zaune a dama rana tana gasa mini kumatu, ina murmushin yaƙe.

Saboda haka, ya waladi, ɗana, ku raba hular tun kuna ƙasa, da baki, a fili. Zuwa naka, dawowa nasa, ko yau kai gobe shi. In ya manta, ka ce, "Faisal, yau layina ne." Ba rashin kunya ba ne. Karar ka ajiye ta wa surukanka in Allah ya kai mu, a can za ta yi maka amfani.

Kara ta ma kusa karya mana wuya. Wata rana mun iso Lis, ya cire hula, iska tana bugowa daga teku a karkace. Ya ce mini, "Itfaddal," wato in saukar da jirgin. Na ce, "A'a, bismillah." Shi ya ɗauka na karɓa ina ambaton Allah, ya saki sanda. Ni kuma na ɗauka ya ji cewa na bar masa, na ɗora hannu a cinya. Jirgi yana gangarowa, matuƙa biyu a ciki, babu mai tuƙi. Sai da taya ta daki ƙasa muka yi tsalle kamar ɗan akuya, sannan muka cafki sanda mu biyu lokaci ɗaya. Masu raƙuman da ke gefen fili har da tafa mana. Yanzu ne ya zama abin dariya.

Ayari ba ya tafiya babu madugu, kuma ba a naɗa madugu a tsakiyar hanya. Kafin farfela ta juya ku faɗi wane ne madugun tafiyar, wanda alhakin jirgin ke wuyansa. Wannan maganar ita ce kuma za ta gaya maka inda za ka rubuta awoyinka. In kun yi da shi cewa kai ne madugu yayin da yake cikin hula, lokacin nan ya shiga layin madugu a littafinka, alhakin ma naka ne in wani abu ya faru. In shi ne madugu, kai layin mataimaki za ka rubuta, kada ka ƙara ko ɗigo. Ka tambayi malaminka yadda dokar ƙasarsu ta tsara, don ƙasa da ƙasa ana samun bambanci, amma ban taɓa jin ƙasar da ake yanke wannan magana bayan an sauka ba. Wurin miƙa sanda kuma babu bismillah, babu itfaddal. Ka ce, "Na karɓa." Ya ce, "Na saki." In ba ka ji da kunnenka ba, kada ka ɗage hannu.

Kuskure na biyu, baƙin ciki ne ya haife shi. Da na ga littafinsa yana ƙiba nawa yana ramewa, sai na ce to, ni ma ai a cikin jirgin nake. Na fara rubuta wa kaina tafiyar gaba ɗaya, tun daga kunna inji har kashe shi. Tashin da ya yi na rubuta, saukar da ya yi na rubuta, duk a layin madugu. Ban kira shi ƙarya ba a lokacin, ramuwa na kira shi. Ranar da muka kai littattafanmu wurin mai duba awoyi, wani Bature mai sanƙo, ya buɗe su gefe da gefe a kan tebur. Doka ta sa wanda ya sa hula ya rubuta sunan ɗan jagoransa da tsawon lokacin da ya yi a rufe, kuma Abdulƙadir, Allah ya isa tsakanina da tsantseninsa, bai taɓa tsallake ko ɗaya ba. Ga sunana nan reras, Sani, Sani, Sani, kowanne da lokacinsa. Baturen ya ɗora yatsa a nan, ya ɗora a can, ya ce, "Jirgi ɗaya, sauka ɗaya, mutum biyu suka yi ta?" Ya ja jan alƙalami a shafukan. Abin da ya fi ciwo, daga ranar ko awoyina na gaskiya, waɗanda na sha ƙurar jejin Tihama wurin feshi kafin in samu, sai ya juya su ya sake juyawa yana taɓe baki.

Ka ji da kyau. Ɗan jagora ba shi da komai a tafiyar sai lokacin da makaho yake makaho. Hula ta hau kai, agogonka ya fara. Hula ta sauka, agogonka ya tsaya. Gangarawa kan titi, tashi, sauka, duk na wanda ya yi su da hannunsa ne, kai a lokacin fasinja ne mai lasisi. Ka duba agogo sa'ad da ya sa ta, ka faɗa da ƙarfi ya ji, haka ma in ya cire. Da kun sauka, kafin ku sha ko shayi, ku buɗe littattafanku a kan fiffike ku rubuta tare, naka ya yi daidai da nasa. In kai ne ka sa hular, ka rubuta sunansa cikakke, haƙƙinsa ne. Ni har yau in na ga jan alƙalami sai in ji bakina ya yi ɗaci.

Na uku shi ne wanda saboda shi nake wannan dogon rubutu. Mahaifiyarka ta san shi, Abdulƙadir ya san shi, kai ne kawai ba ka taɓa tsayawa ka ji ba.

Lokacin aikin Hajji ne, sararin Jidda ya cika da jiragen alhazai, wannan na sauka wancan na jiran layi. Muna dawowa daga kudu, yana cikin hula kamar kullum. Aikina ɗaya tak, in duba gaba, in duba dama, in duba hagu. Amma na daɗe da canza wa kaina aiki. Idona yana kan alluransa, ina jiran ya yi kuskure. Ranar kuwa ya yi. Na ga allurar hanya tana zamewa, yana karkata arewa maso gabas kaɗan kaɗan bai lura ba. Ya kamata in ce, "Duba hanyarka." Sai na yi shiru. Wallahi daɗi nake ji. Ina cewa a raina, bari ya ƙara, bari ya ɓace sosai, in ya cire hula ya ga duwatsu maimakon teku, ya san cewa ba shi kaɗai Allah ya ba kai ba. Ina can ina lissafin irin dariyar da zan yi masa, sai wata inuwa ta rufe mana gilashi.

Na ɗaga kai. Jirgin alhazai ne mai inji huɗu, yana gangarowa ta gabanmu, kusa har ina ganin layin tagoginsa da fararen harami a ciki. Ban san lokacin da na finciko sanda na kifa mu dama ba. Iskarsa ta ɗauke mu ta girgiza, jakunkuna suka tashi, kaina ya bugi rufi. Abdulƙadir ya fizge hular yana salati. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Bayin Allah sun baro garuruwansu, wasu sun sayar da gona don su zo, saura ƙiris in hallaka su a ƙofar Makka don ina jin haushin abokina.

Da muka sauka muka tsaya a inuwar fiffike. Ya ce, "Ya Sani, jirgi kamar gida, ina idonka yake?" Sai duk abin da na tara ya fashe. Na ce masa mai son kai, na ce ya mai da ni bawansa, na ce tun da muka fara ko sau ɗaya bai ce in sa hular ba. Ya tsaya yana kallo na kamar na yi masa yaren da bai taɓa ji ba. Ya ce, "Lesh ma gult? Don me ba ka faɗa ba? Na tambaye ka, ka ce a'a. Na sake, ka ce a'a. Ni na ɗauka ba ka so!" Na ce, "Ai ɗan mutunci ba ya jira a roƙe shi." Ya ce, "Ni ban san wannan ba, ya akhuya, ɗan'uwana. Ga ta, daga gobe taka ce har ka kamo ni." Ya miƙo mini hular. Ka san abin da ubanka ya yi? Na ce na gode, ba na so. Wannan karon bai kamata in jira ya matsa ba, amma na jira. Ya ɗaga kafaɗa ya mayar da ita jaka.

Ba a daɗe ba babban kamfani ya ɗauke shi. Masu feshin fara suka naɗe kayansu, ni kuma kafin in farga likita ya ce idona na hagu ya yi rauni. Ina gaya wa mutane rashin tabi'iyya ne ya hana ni, kuma akwai gaskiya a ciki, amma na ga baƙi irina da suka hau. Layin awoyin makanta ne a littafina babu komai a ciki. Ka san inda na ƙare, a bayan taga a ofishin shirya tafiya, ina miƙa wa matuƙa takardar yanayi. Yakan zo da igiyoyinsa huɗu a kafaɗa, hula a hammata, turarensa ya riga shi isowa, ya ce, "Ya Sani, kef halak?" In ce, "Lafiya lau, Kyaftin." Kalmar nan Kyaftin, kullum da ƙyar take fita daga bakina. Mahaifiyarka takan ce hassada ga mai rabo taki ce, in haka ne ni na noma masa gonarsa tun daga shuka har girbi.

Don haka idonka waje, Bashir. Alluran nasa ne, sararin naka ne. In ka leƙa ciki ka ga ya kauce, ka faɗa nan take, sannan ka mayar da ido waje. Kada ka tara masa kuskure don ka ji daɗi. Wanda ya sa hular nan ya makantar da kansa ne da hannunsa saboda ya yarda da kai, ban san amanar da ta kai wannan ba.

Jumma'ar da ta wuce, bayan La'asar, na yi abin da ban yi ba tun kana goye. Na hau tasi na tafi gidansa. Ya sa aka kawo gahawa da dabino, ban bari an zuba na biyu ba na ce, "Abdulƙadir, roƙo na zo yi. Ka gaya wa ɗanka ya raba hula da ɗana daidai wa daida." Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce, "Allahu akbar! Yau Sani ya faɗi abin da yake so da bakinsa." Na ji kamar in tashi in tafi. Sai na ga dariyar ta ɗauke, ya ajiye finjali. Ya ce, "Ni ma ina da roƙo. Faisal ba ya jin tawa. Komai sai ya ce Ammi Sani ya ce. Ranar da ya fara tafiya ina Karaci, ranar da ya sauke Alƙur'ani ina Landan. Lissafin iska ma a tabarmarka ya koya, ni ban taɓa zama da shi na koya masa komai ba. Kai kana da maza uku, ni shi kaɗai gare ni. Ka gaya wa Bashir ya duba mini shi."

Astagfirullah, ka san abin da na fara ji? Daɗi. Har cikin ƙashina na ji daɗi cewa akwai abin da nake da shi wanda Kyaftin ba shi da shi. Ka ga irin ciwon ke nan, ko a gaban hawayen mutum ba ya jin kunya. Kada ka ɗauka na warke. Kai kanka, da na ga an kawo maka tikiti da sabuwar jaka, sai da wani abu ya soke ni a ƙirji kafin in ce alhamdulillah. Ɗan cikina! In ni ban tsira daga yi maka ba, kai ba za ka tsira daga yi wa Faisal ba, musamman ranar da malami zai yabe shi a gabanka.

Ba zan ce kada ka ji ba, ba a hana zuciya. Abin da nake umartarka a matsayina na ubanka shi ne wannan. Duk ranar da kake kujerar dama ka ji abin nan ya taso maka, ka ga idonka yana komawa kan alluransa yana neman laifi, ka ce, "Faisal, cire hular." Ko ya tambayi dalili, ko bai tambaya ba. Agogo ya tsaya, ku juyo, ku sauka, a rasa awar. Na amsa wa mutumin nan a kan tabarmarsa, na ce na ɗauka a wuyana. Ku biyu kuka tafi. Ban yarda ka dawo mini kai kaɗai ba.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Allah ya tsare gabanku da bayanku, damanku da hagunku, samanku da ƙasanku. Ya raba ka da sharrin mai hassada, ya raba ka da zama shi. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka yi addu'ar hawa kafin ka taɓa sanda. Mahaifiyarka da yayyenka suna sa maka albarka, ni ma na sa. Na bar ku a hannun Allah, wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sani